Yadda Gwamnatin Arewa Ta Tashi Daga Zungeru Ta Koma Kaduna

Kaduna ba tsohon gari ba ne kamar Kano ko Katsina ko Zariya. Ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada, ba kuwa wani maharbi ko ɗan sarki ne ya sare ta ba. Gwamnati ce ta zana ta a takarda, sa'an nan ta kwaso ma'aikatanta daga Zungeru ta zaunar da su a cikinta a shekarar 1917. Labarin wannan ƙaura ya cancanci a san shi, domin ya nuna abin da a kan manta in za a ta da ofis daga wani gari zuwa wani. Tebur da akwatin takardu ba su da baki, inda aka ajiye su nan za su kwana. Amma akawu da masinja da lebura masu iyali ne, kowannensu sai ya san inda zai kwana da abin da zai ci kafin hankalinsa ya koma kan aiki.

Daga Lakwaja Zuwa Zungeru

Ran 1 ga watan Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin ciniki na Royal Niger a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila. Wanda aka ɗora bisa mulkin Arewa shi ne Frederick Lugard, wanda Hausawa su ke kira Gwamna Lugga. A sa'an nan yawancin mulkin nasa a takarda ya ke, gama Sakkwato da Kano da Katsina ba su shiga hannunsa ba tukuna. Ya fara zama a Jebba, bakin kogin Kwara, inda barikin soja ya ke. Amma Jebba tana can gefen ƙasa, ga zafi, ga sauro, ga nisa da manyan biranen da ya ke nufi.

Da aka ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, sai hanya ta buɗe. Lugga ya zaɓi wani wuri a bakin kogin Kaduna, gaba kaɗan da Wushishi, shi ne Zungeru. Kogin ba ya kai jirgi har can sai da damina, saboda haka aka shimfiɗa ɗan siririn dogo daga Barijuko, inda jiragen ruwa su ke tsayawa, zuwa sabon barikin, mil 22. Wannan shi ne jirgin ƙasa na farko a Arewa, bisa kansa kuwa aka kwaso katako da kwano da sauran kayan gini. A 1902 Gwamna da ofisoshinsa suka tare. Daga Zungeru aka shirya yaƙin Kano na watan Fabrairu 1903, da na Sakkwato na watan Maris.

Wannan ƙaura ta fari ba ta taɓa mutane ƙwarai ba, domin ma'aikatan kaɗan ne, zaman Jebba kuma bai daɗe ba, ba wanda ya yi saiwa. Ta biyu ita ce mai nauyi.

Mutanen Bariki

Kafin a gane nauyinta sai a san ko su wane ne mutanen Zungeru. A sama akwai Turawa, watau Gwamna da sakatarorinsa da ma'aji da alƙalai da likitoci da hafsoshin soja. Ƙarƙashinsu akwai akawuna. A zamanin nan ilmin boko bai yaɗu a Arewa ba, gama makarantar da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano sai a 1909 ta fara. Don haka daga Ikko da sauran ƙasashen Kudu, da Saliyo, da Gwalkwas wadda yanzu a ke kira Gana, aka ɗauko masu buga tafireta da masu lissafin kuɗi da masu buga waya da masu ɗab'i.

Bayan su sai tafintoci da masinjoji, da soja da 'yan sanda, yawancinsu Hausawa da Nufawa da Yarbawa. Sa'an nan kuku da boyi da mai wanki da mai kiwon doki, da leburori da 'yan alaro masu ɗaukar kaya in Bature zai fita rangadi. Daga ƙarshe akwai wata jama'a mai yawa wadda sunanta ba ya cikin takardar albashi, amma da albashin ta ke rayuwa: mahauta, maɗinka, wanzamai, 'yan koli, mata masu tuwon sayarwa, da Gwarawa masu kawo doya da itace. In wata ya ƙare aka biya ma'aikata, ran nan kasuwa ta kan cika.

Shekara 15 gwamnati ta yi a Zungeru. Cikin wannan zama aka gina gidaje, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka gina masallaci da coci, aka kuma binne waɗanda kwanansu ya ƙare. Ɗaya daga cikin 'ya'yan akawunan nan shi ne Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru ran 16 ga watan Nuwamba 1904, wanda ya zama Shugaban Ƙasar Nijeriya na farko a 1963.

Dalilin Tashi

Lugga ya bar Arewa a 1906. Wanda ya gaje shi, Percy Girouard, gwanin aikin reluwe ne, a zamaninsa aka fara dogo daga Baro, bakin Kwara, zuwa Kano. Dogon ya isa Kano a 1911. Wani kuma ya taso daga Ikko, ya bi ta Jebba da Zungeru, ya haɗu da na Baro a Minna. Da jirgin ƙasa ya samu, sai darajar hanyar ruwa ta ragu, dalilin da ya sa aka zaɓi Zungeru kuma ya faɗi. Abin da ya saura sai aibinta: tana cikin kwari, zafinta ya yi yawa, zazzaɓi ya dami mutane, ta kuma yi nisa da Kano da Zariya da wuraren haƙar kuza na Jos.

A 1912 Lugga ya komo yana Gwamnan Arewa da Kudu duka, da umurnin ya haɗa su. Sai ya sa ido a kan wurin da dogon Kano ya ƙetare kogin Kaduna, cikin ƙasar Zazzau, wajen mil 100 daga Zungeru. Wurin yana bisa tudu, tsayinsa daga teku wajen ƙafa 2,000, iskarsa ta fi sanyi, kogin ba ya ƙafewa, ga fili mai faɗi ba kowa sai ƙauyukan Gwari. Ba kuwa mazaunin wani sarki ba ne, balle a ce gwamnati ta zauna a ƙofar wani ta bar wani. Sunan kogin aka bai wa garin, an ce kuwa daga kadunan da ke cikinsa ya samo shi. Lugga ya so wurin har ya yi nufin ya zama babban birnin Nijeriya duka, amma Hugh Clifford, wanda ya gaje shi a 1919, bai yarda ba, aka bar wa Ikko matsayinta.

Abin Da Ya Dami Ma'aikata

Dalilan nan duka na Gwamna ne, masu kyau ne kuwa in an dube su a taswira. Amma ƙaramin ma'aikaci ba taswira ya ke dubawa ba. Abubuwa huɗu ne ke gabansa.

Na fari muhalli. Bature gwamnati ke ba shi gida, in ya yi shekara guda ko fiye kaɗan ya tafi hutu ƙasarsu, saboda haka ƙaura a gare shi naɗe gado ce da ɗaure akwati. Manyan akawuna ma a kan ba su ɗaki. Amma masinja ko kuku ko tsohon soja wanda ya tara kwabo da kwabo ya gina ɗakin ƙasa, ya kewaye shi da zana, ya dasa itace, ya ɗaure akuya, ba shi da yadda zai ɗora wannan a jirgi. In ya ce zai sayar, wa zai saya a garin da kowa ke shirin barinsa?

Na biyu abinci. Kasuwar Zungeru ta kafu, an san ranar da doya ke shigowa da inda dawa ke fitowa. Kaduna kuwa daji ce. Ga shi kuma daminar 1913 ba ta yi kyau ba, har aka yi babbar yunwar nan ta 1914 wadda ta halaka mutane da yawa a ƙasar Kano da arewacinta, hatsi ya yi tsada. Mai albashi shi ne tsada ta fi ƙuntata wa, domin mudu yana hawa, abin da a ke ba shi yana nan inda ya ke. A tsohon gari mahauci da mai hatsi sun san shi, su kan ɗaga masa har ƙarshen wata. A sabon wuri baƙo ne, baƙo kuwa ba ya samun bashi.

Na uku iyali. Matar da ke da masu sayen ƙosanta ko tuwonta za ta bar su. Yaron da ya fara karatu wurin malami ko a makarantar mishan za a cire shi. Akawun da ya fito daga bakin teku zai ƙara nisa da gida, ya kuma shiga hunturun da jikinsa bai saba da shi ba. Gidan su Azikiwe ya isa misali a kan yadda sauyin wurin aiki ya ke rarraba iyali. Yaron ya tashi da Hausa a bakinsa, a 1912 uban ya aika da shi Anacha wurin dangi don ya koyi harshen iyayensa. Daga baya ya bi uban Ikko, da aka ɗauke uban zuwa Kaduna kuma sai aka bar shi a Ikko hannun wasu dangi saboda makaranta.

Na huɗu aikin kansa. Ran 1 ga watan Janairu 1914 aka haɗa Arewa da Kudu, aka gama waɗansu ma'aikatu, kamar reluwe da soja da gidan waya, suka koma ƙarƙashin shugaba ɗaya. Inda aka gama ofis biyu, dole ma'aikaci ya tambayi kansa ko kujerarsa tana nan. Lebura mai aikin yini kuwa ba shi da takarda, ba shi da fansho, bai san ko da shi za a tafi ba.

Hanyar faɗin damuwa a zamanin nan ƙunci gare ta. Ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta farko sai a 1912 aka kafa ta, a Ikko kuwa ta ke, ta manyan akawuna ce, ita ce ta yi ta neman ƙarin kuɗi saboda tsadar da yaƙi ya kawo. Mai koke sai ya rubuta takarda ya miƙa ta hannun Baturen ofishinsa, ya jira. Wanda bai iya rubutu ba kuwa sai ya bi ta bakin tafinta.

Yadda Aka Bi Da Al'amarin

Babban abin da aka yi daidai shi ne ba a fafe gora ranar tafiya ba. A 1913 aka fara gini a Kaduna, soja kuma su aka fara kaiwa. Wannan tsari yana da amfani, domin inda soja da leburori masu karɓar kuɗi suka sauka, nan mahauta da 'yan koli da masu abinci za su bi su ba tare da an kira su ba. Watau kasuwa ta riga ofis isa.

Sa'an nan yaƙin duniya na farko ya tashi a watan Agusta 1914. Aka kwashi soja zuwa Kamaru yaƙi da Jamus, ba a gama ba sai farkon 1916. Kuɗi suka yi ƙaranci, kayan gini daga Ingila suka yi wuyar samuwa, aikin ya ja baya. Ga Gwamna wannan jinkiri hasara ce, amma ga ma'aikata ya zama alheri, domin shekara 4 suka samu tsakanin fara gini da tashin ofisoshi. Mai dabara ya rage kaya, ya biya bashi, ya aika da ɗan'uwa ya dubo masa wuri. Sa'ad da Sakatariya ta tashi a 1917 an riga an yi gari, ko da ya ke ƙarami ne. Jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa ɗaukar kaya, abin da dā 'yan alaro za su yi kwanaki suna fama da shi a ka, ya zama tafiyar yini guda.

Wajen muhalli, aka auna filaye, aka fitar da tituna miƙaƙƙu, aka gina wa akawuna ɗakuna a jere, aka keɓe wurin da 'yan kasuwa da masu sana'a za su gina nasu. Sunayen titunan tsohuwar Kaduna, kamar na Ikko da na Abekuta da na Yarbawa da na Kano da na Katsina, suna tuna wa mutane inda mazaunan farko suka fito. Wajen abinci, dogo ya kawo hatsin Zariya da Kano, Gwarawa suka kawo doya da itace, Fulani suka kawo nono da shanu. Wajen shari'a da sulhu, tun da ƙasar ta Zazzau ce, Sarki ya sa wakili da alƙali a garin, har wa yau kuwa akwai wurin da a ke kira Magajin Gari a Kaduna saboda wannan sarauta.

Amma akwai inda aka gaza. Ka'idar Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don sauro da gobara. Turawa suka sami tudu mai iska, da gidaje masu faɗin fili da itatuwa. Akawuna suka sami ɗakuna a matse. Leburori da barori kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, ba a yi musu wani tanadi mai ƙarfi ba, kowa ya kafa bukka inda ya samu, unguwanni suka yi ta tsirowa a gefen gari ba da shiri ba. Makarantar yara aka bar wa mishan da malaman allo. Ƙauyawan da gari ya ci gonakinsu kuwa sai suka matsa gaba. An raba mutane bisa ga muƙami da asali tun ranar da suka sauka, wannan rabo kuwa ya daɗe yana bin garin.

Zungeru Da Kaduna Bayan Ƙaura

Waɗanda suka fi kowa jin ƙaurar su ne mutanen da ba su cikin takardar albashi, gama ba wanda ya ba su takardar jirgi ko ɗaki. Mai ƙarfi ya ɗaure kayansa ya bi masu sayensa. Tsoho da mai nauyin iyali suka zauna, suka koma noma da su da ɗan cinikin tasha. Gidan Gwamna da ofisoshi suka zama kufai, ciyawa ta rufe su. Har 'yar gadar ƙarfen nan ta ƙafa da aka kafa a zamanin Lugga, daga baya kwance ta aka yi aka kawo Kaduna, aka ɗora ta a lambun da ke bakin kogi, a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi.

Kaduna kuwa sai ta yi ta haɓaka. A 1927 dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kano a can. A 1938 aka kawo Kwalejin Katsina, kafin a mai da ita Zariya a 1949. Aka gina majalisa aka sa mata sunan Lugga, sarakuna da wakilan jama'a suka riƙa taruwa a cikinta. A 1956 aka cire garin daga ƙarƙashin En'e ta Zazzau aka ba shi mulkin kansa na babban birnin Jiha, a 1957 kuma masaƙa ta fara aiki a Kakuri. 'Ya'ya da jikokin waɗanda suka zo suna ɗar-ɗar a 1917 su ne suka zama 'yan gari.

Ƙaura Biyu Na Baya

Abin da ya sami ma'aikatan Zungeru bai ƙare a kansu ba, ya sake samun na bayansu har sau biyu. Ran 27 ga watan Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, Arewa ta zama 6. Ran 1 ga watan Afrilu 1968 sababbin jihohin suka kama aiki, aka rarraba ma'aikatan Kaduna, yawanci kowa aka mai da shi jihar asalinsa, zuwa Sakkwato da Kano da Maiduguri da Jos da Ilori. Wannan karon wata 10 kaɗai aka samu, ƙasa kuma tana cikin yaƙin basasa. Garuruwan da dā Razdan da 'yan ofisoshinsa kaɗai su ke ɗauka, suka wayi gari da gwamnati sukutum, gidaje da ofisoshi suka yi ƙaranci.

Ta biyu ita ce ta Abuja. A watan Fabrairu 1976 Murtala Muhammed ya ba da sanarwar za a ta da babban birni daga Ikko, amma sai ran 12 ga watan Disamba 1991 Ibrahim Babangida ya tare. Shekaru da dama aka yi ana gini, duk da haka da ma'aikatu suka iso gidaje ba su isa ba. Manya suka zauna cikin gari, ƙanana suka watsu Nyanya da Karu da Kubwa, har Suleja da Mararaba, suna doguwar tafiya safe da yamma. Da yawa suka bar mata da 'ya'ya a Ikko saboda makaranta da sana'a, mutum ɗaya yana riƙe da gida biyu da albashi ɗaya. Mai karatu zai ga damuwar nan huɗu ta Zungeru ita ce ta komo, ba abin da ya sake sai sunan gari.

To, abin da ke cikin wannan labari a fili ya ke ga duk wanda aka ɗora wa ta da ofis, ko na gwamnati ne, ko na ƙaramar hukuma, ko na kamfani. Ya faɗa wa mutanensa da wuri, ya faɗa musu gaskiyar wanda za a tafi da shi da wanda za a bari. Ya tabbata ɗaki da ruwa da kasuwa da makaranta sun riga tebur isa. Ya fara lissafinsa daga masinja da lebura, gama babba ba ya rasa wurin kwana. Ya kuma buɗe ƙofar da mai koke zai shigo ya faɗi nasa da bakinsa. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya, akawun da bai san inda 'ya'yansa za su kwana ba kuwa, ko an ajiye shi a sabon ofis, zuciyarsa tana tsohon gari. Allah ya ba shugabanni tausayin na ƙasa da su, amin.